Wa ya gina Labda? Amsa ga wani magini da ke aiki a Khums

Wani magini ɗan Damagaram da ke aiki a garin Khums na ƙasar Libiya ya aiko da tambaya. Ya ce wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci abokan aikinsa suka kai shi kangon da ke gabas da garin, wanda mutanen wurin suke kira Labda. Ya ga ginshiƙai tsaye kamar giginyu, ya ga manyan duwatsu an jera ba siminti amma ko bakin wuƙa ba ya shiga tsakaninsu. Wani ya ce masa aikin Rumawa ne, wani kuma ya ce na Finikiyawa ne. Yana so ya san wa ke da gaskiya, da yadda aka yi gari irin wannan ya zama kufai.

Malam, sannu da aiki, Allah ya ba da abin da aka fita nema. Duk su biyun ba su yi maka ƙarya ba, sai dai kowannensu rabin zance ya ba ka. Finikiyawa suka kafa garin. Salon ginin da ka gani na Rumawa ne. Amma waɗanda suka kwance bakin jaka suka biya magina 'yan garin ne, jikokin Finikiyawa da suka cakuɗu da Libiyawan asali, masu sunaye irin su Annobal da Iddibal, waɗanda har bayan shekara ɗaruruwa ƙarƙashin Rum da harshen kakanninsu suke magana a gida. Tunda kai magini ne, bari mu bi zancen ta kan dutse, don a Labda irin dutsen ma yana faɗa maka zamanin da aka aza shi.

Finikiyawa mutanen gaɓar tekun Labanan ta yau ne, daga biranen Sur da Saida. Fatake ne na ruwa, kuma abin da bafatake yake nema shi ne zango. A ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suka sami zango a bakin ƙoramar da ake kira Wadi Labda, inda wasu 'yan tsibirai suke tare igiyar ruwa, jirgi ya samu ya fake. Da harshensu suna rubuta sunan wurin da baƙaƙe huɗu, L-P-Q-Y, ba wasali, kamar yadda ake rubuta Larabci. Daga nan Rumawa suka samo Lepcis ko Leptis, suka ƙara masa Magna, wato babba, don bambanta shi da wata ƙaramar Leptis da ke Tunisiya, wadda yau ake ce wa Lamta. Akwai wasu zanguna biyu na Finikiyawa a yamma da shi, Oya da Sabrata. Ukun nan aka haɗa aka kira yankin Tripolis da Girkanci, ma'ana birane uku. Sunan ne ya zama Tarabulus a bakin Larabawa da namu, ya kuma maƙale wa Oya ita kaɗai don ita ce ba ta mutu ba.

Daga wancan zamani kusan ba abin da idonka zai gani a sama. Abin da aka samu yana ƙarƙashin tsohon dandalin da ke bakin teku, sai kaburbura da aka tono ƙarƙashin gidan wasan kwaikwayo. Abin da ya rage shi ne labari. Wajen shekara ta 515 kafin Miladiyya wani ɗan sarautar Sparta mai suna Doriyus ya zo da Girkawansa ya kafa gari a Wadi Ka'am, can gabas kaɗan, bayan shekara 3 mutanen Kartaj, babban birnin Finikiyawa da ke Tunisiya ta yau, da ƙabilun yankin suka haɗu suka kore shi. Labda ta zauna ƙarƙashin Kartaj tana biyan haraji, kuma marubucin tarihin Rum Livy ya ce talanti ɗaya take biya kowace rana, wajen kilo 26 na azurfa ke nan. Da Rum ta karya Kartaj, ta kuma rushe ta a 146 kafin Miladiyya, Labda ta ɗan zauna a hannun sarakunan Numidiya, wata masarauta a Aljeriya ta yau, sannan a 111 kafin Miladiyya ta aika manzanni Rum da kanta tana neman ƙawance. Ka lura da wannan: ba da yaƙi aka ci ta ba. Shi ya sa ta ci gaba da naɗa shugabanninta biyu da ake kira sufet, kalmar Finikiyanci mai ma'anar alƙali, tana buga kuɗinta da rubutunta.

To ina kuɗin ya fito? Daga zaitun. Idan ka taɓa haurawa tuddan Misallata da Tarhuna ka ga wasu dogayen duwatsu biyu-biyu a tsaye da ramuka a jikinsu, wani dutse a gicciye a samansu. Larabawan wurin suna ce musu sanam, wato gunki, har wasu Turawa matafiya na ƙarni na 19 suka ɗauka wuraren tsafi ne. Matsar man zaitun ce. A ramukan nan ake cusa gindin wani ƙaton gungume, a danne ɗaya bakin da nauyin dutse, mai ya tsiyaye. Akwai ɗaruruwansu a tuddan. A shekara ta 46 kafin Miladiyya Yuliyus Kaisar ya ci tarar Leptis saboda ta goyi bayan abokan gabarsa, tarar kuwa ita ce awo miliyan 3 na mai a ma'aunin Rumawa kowace shekara, kimanin lita miliyan ɗaya, kuma yawancin masana sun tafi a kan Labda ake nufi. Garin da za a yanka wa wannan tara bai durƙushe ba, ka san ba ƙaramin rumbu gare shi ba.

Yanzu mu shiga kasuwa, don a ganina nan ne zuciyar amsar tambayarka. Fili ne mai katanga, a tsakiyarsa rumfuna biyu masu kusurwa takwas, da teburan dutse tsakanin ginshiƙai inda mahauta da masu kifi suke baza kaya. An gina ta a shekara ta 9 zuwa 8 kafin Miladiyya, zamanin Sarki Augustus, kuma an rubuta sunan wanda ya biya: Annobal Tapapius Rufus, ɗan Himilko. Dubi sunan da kyau. Annobal da Himilko sunayen Finikiyawa ne, Tapapius sunan gidansu ne da aka yi wa wutsiyar Latin, Rufus kuwa aro ne daga Rumawa. A wuya ɗaya ya rataya duka. Cikin kasuwar akwai wani faifan dutse da aka zana ma'aunin tsawo iri uku a kansa: kamun Finikiyawa, kamun Iskandariyya, da ƙafar Rumawa. Kamun farko santimita 51 da ɗoriya, na biyu 52 da ɗoriya, ƙafar kuwa ba ta cika 30 ba. Mai sayen yadi daga Masar da mai sayarwa ɗan gari ba sai sun yi rantsuwa ba, ga dutse nan ya raba gardama. Kusa da shi akwai teburin dutse mai ramuka manya da ƙanana, mudun hukuma ke nan na hatsi. Wasu teburan ma sun ci gefe saboda yawan guga.

Annobal ɗin nan dai shi ya gina gidan wasan kwaikwayo a shekara ta 1 zuwa 2 Miladiyya. Idan ka koma, tsaya a ƙofar da ke gefen dandamali ka ɗaga kai. Rubutu biyu ne a kan dutse ɗaya: na Latin daga hagu zuwa dama, a ƙarƙashinsa na Finikiyanci daga dama zuwa hagu. Kirarin da ya yi wa kansa, mai ƙawata ƙasarsa, mai son zaman lafiya, kirari ne na gida aka juya shi zuwa Latin. Bayan shekara 10 wani Iddibal ya gina doguwar rumfar da ke kusa, a 35 zuwa 36 kuma wata mata mai suna Suphunibal ta ɗora ɗakin bauta a can saman kujerun 'yan kallo da kuɗinta. Gasa ce tsakanin manyan gidaje, kowa yana so a karanta sunan ubansa a kan dutse. Ko allolin garin biyu, Shadrapa da Milk'ashtart, sunan Rumawa kawai aka laƙaba musu, ɗaya Liber Pater ɗaya Hercules, aka ci gaba da abin da aka saba.

Dutsen wannan zamani shi ne wanda ya ba ka mamaki. Da farko da dutsen yashi suke gini, mai taushi, sai an shafe shi da farar ƙasa don kada iskar teku ta cinye shi. Daga zamanin Augustus suka buɗe mahaƙa a Ras al-Hammam, 'yan kilomitoci daga garin, inda ake samun dutsen farar ƙasa mai tauri, mai ruwan toka-toka. Ana sassaƙe kowane ɗaya a gyara fuskokinsa har su kwanta daidai a kan na ƙasa, nauyinsa ne simintinsa, inda ake tsoron motsi kuma a ɗaure biyu da ƙarfe a zuba darma. A jikin wasu za ka ga baƙi ɗaya ko biyu na Finikiyanci an ƙwarzana, alamar masu sassaƙa ce. Hannun da ya riƙe guduma ɗan gida ne.

Ba kullum zaman lafiya ba. A 69 zuwa 70 rikicin gona da satar dabbobi tsakanin Labda da Oya ya zama yaƙi, mutanen Oya suka gayyato Garamantawa daga Fezzan, suka yi wa Labda ƙawanya sai da sojan Rum suka zo suka kore su. Bayan haka aka shirya, hanyar kudu ta buɗe. Masanin taswira Batlimus ya kawo labarin wani mutumin Labda, Yuliyus Maternus, da ya bi sarkin Garamantawa tafiyar wata 4 kudu har wata ƙasa mai suna Agisimba inda karkanda ke taruwa. Wasu masana suna cewa yankin Tafkin Chadi ne, wasu Azbin, wasu Tibesti. Ko wanne ne, wani yanki na hanyar da 'yan'uwanmu suke bi yau ta Sabha an taka shi tun ƙarni na 1. Namun daji na cikin hajar garin, ana kai su filayen wasa. A kasuwar nan akwai ɗan ginin tunawa da wani Porfiriyus, an zana jirage a jikinsa, an rubuta cewa ya ba mutanen gari namun daji masu haure guda 4 da ransu, waɗanda ake fassarawa da giwaye. Filin da ake irin wannan wasa yana gabas, an gina shi a 56 cikin ramin tsohuwar mahaƙar dutse, yana ɗaukar mutum wajen 16,000, ga filin sukuwar kekunan doki a gefensa dab da teku. Dabara ce mai kyau: an ci dutsen, an kuma ci ramin.

Sai zamanin mabul, wanda mutanen wurin suke ce wa rukham. Libiya ba ta da shi, duk wanda ka gani jirgi ne ya kawo. Sarki Trajan ya ɗaga darajar garin wajen 109, 'yan gari suka zama 'yan ƙasar Rum, sufet ya koma ɗaukar sunan sarautar Rumawa. Wajen 120 wani attajiri, Kwintus Serviliyus Kandidus, ya jawo ruwa daga Wadi Ka'am da kuɗinsa, bayan 'yan shekaru kuma aka buɗe babban gidan wanka na zamanin Sarki Hadrian. Mutum zai tuɓe, ya shiga ɗakin sanyi, ya wuce mai ɗumi, ya kai mai zafi. Daɓen ɗakin zafi a kan gajerun ginshiƙan jan bulo yake zaune, ana hura wuta a waje, zafi ya bi ta ƙarƙashi ya hau ta bututun yumɓu cikin bango. Rufin ɗakin sanyi na kankare ne, bakan gizo ya gitta bakan gizo, kusan irin tunanin ɗaurin guga a soron sarakunanmu, sai dai su manyan ginshiƙai 8 na koren mabul daga tsibirin Yubiya na Girka suka tokare shi. Na tabbata abokanka sun nuna maka bayan gida, dogon benci na mabul mai ramuka a jere, ruwa na gudu a ƙasa, ba labule ba katanga. Kowa da kunyarsa.

Sannan abin da bai taɓa faruwa ba ya faru. Wani yaro da aka haifa a Labda ranar 11 ga Afrilu 145, jikan wani tsohon sufet, ya zama sarkin Rum gaba ɗaya a 193. Sunansa Septimiyus Severus. Marubutan Rum sun ce har ya tsufa ana jin harshen Afirka a Latin ɗinsa, sun kuma ce 'yar'uwarsa ta kai masa ziyara da Latin ɗinta da ƙyar, kunya ta sa ya haɗa mata kyauta ya mai da ta gida. Ya yafe wa garinsu harajin ƙasa, ya kafa sansanonin soja a bakin hamada irin su Bu Njem da Gadamas, sannan ya shiga gini kamar wanda ake kora.

Ƙofar nan mai baki huɗu da ka fara cin karo da ita tasa ce, a mararrabar manyan tituna biyu. Cikinta dutsen gida ne, mabul riga aka sa mata. Daga gidan wanka zuwa tashar jirage ya shimfiɗa titi mai tsawon mita 400 da faɗin sama da 20, ginshiƙai dama da hagu. Ga wani abu da magini zai gane kafin malamin tarihi: a tsohon salon Girkawa dogon dutse ake gicciyawa a kan ginshiƙai biyu, kamar azara, don haka tazara ba ta wuce ƙarfin dutsen. A wannan titi da dandalin da ke gefensa sai aka ɗora bakan gizo kai tsaye a kan ginshiƙi. A lokacin ba a saba ganin haka a babban gini ba. Daga baya shi ya zama ruwan dare a coci-coci, sannan a masallatai, har irin su na Ƙairawan da Kurɗuba.

Dandalin kansa mita 100 ne da 60, an kewaye shi da doguwar katanga kamar ganuwa. Kawunan matan nan masu gashin macizai da aka jera a ƙasa, da can suna sama ne tsakanin baka da baka, kuma idan ka duba ba biyu da suka yi kama sak. A gefe ɗaya ɗakin bauta ne a kan tudun matakala, da ginshiƙan jan dutsen Aswan. A ɗaya gefen babban zauren shari'a, tsawonsa ya haura mita 90, ginshiƙai hawa biyu, rufin katako ya ƙetare wajen mita 19 ba tokari a tsakiya. Kai da ka san inda azara take gajiya, ka auna wannan. A kowane ƙarshen zauren akwai lungu mai siffar rabin da'ira, gefensa dogayen allunan farin mabul da aka sassaƙa reshen inabi yana naɗewa, cikin kowane naɗi ɗan hoton labarin allolin garin biyu. An huda dutsen da zurfi har ya zama kamar leshi, don rana mai ƙarfi ta zuba inuwa a ciki. Farin mabul ɗin daga tsibirin Marmara na Turkiyya ta yau ya zo, kada sunan ya ruɗe ka da jar marmararmu, kuma masu sassaƙar sun bar sunayensu da baƙaƙen Girkanci, alamar su ma da jirgi suka zo.

Abin da ya fi burge ni a duk wannan ba ya fita a hoto. Filin da aka ba mai zanen karkatacce ne, tsoffin unguwanni sun matse shi ta nan, ƙorama ta can. Zauren da dandalin ba su yi daidai da juna ba. Sai ya cusa jerin shaguna tsakaninsu, na farko mai zurfi, na gaba bai kai shi ba, har na ƙarshe ya zama ɗan siriri, karkatar ta ɓace a cikinsu. Wanda ke tsaye a dandali zai rantse komai a kan igiya yake. Inda titin ya lanƙwasa kuma ya dasa ƙaton marmaro mai hawa-hawa, ido ya tafi can ya manta da gwiwar. Duk wanda ya taɓa gini a fegin da ba shi da kusurwa ko ɗaya daidai ya san wannan gwaninta ce.

Severus bai ga ƙarshen aikin ba. Ya mutu a York ta Ingila a 211, ɗansa Karakalla ya kammala zauren a 216. A ra'ayina wannan gini ya fi ƙarfin garin. Na Annobal kuɗin zaitun ne, gari zai iya riƙe abin da ya gina da guminsa. Na Severus kuɗin daula ne, kuma gidansa ya faɗi a 235. Je ka tashar jiragen da ya sabunta ka duba duwatsun ɗaure jirgi da matakalan gefen gabas: kamar jiya aka sassaƙa su. An haɗe tsibiran nan da gini don a sami babban tafki, sai ruwa ya daina wanke bakin ƙoramar, yashi da laka suka taru, tashar ta cushe ba a daɗe ana morar ta ba.

Sauran labarin gangara ce. Wajen 363 ƙabilar Austuriyawa suka fara kai hari suna sare itatuwan zaitun da inabi. Mutanen Labda suka kira kwamandan sojan Rum na Afirka, Romanus. Ya zo, ya ce ba zai motsa ba sai an ba shi guzuri mai yawa da raƙuma 4,000, ya zauna kwana 40 ya juya. Suka kai ƙara wurin sarki, aka sayi mai binciken, ƙarshenta wasu daga masu ƙarar da gwamnan yankin aka kashe. Madatsar da ke karkatar da ambaliyar Wadi Labda ta lalace ba mai gyara, laka ta riƙa shiga tituna. Bandalawa, wata ƙabila da ta ƙetaro daga Turai, suka karɓi yankin wajen 455. Rumawan Gabas suka dawo a 533 suka tarar yashi ya binne yawancin garin, suka zagaye ɗan abin da ya rage kusa da tasha da ganuwar da suka gina da duwatsun tsoffin gine-gine, zauren shari'a kuma Sarki Justiniyan ya mai da shi coci. Wajen 543 gwamnansu Sarjiyus ya gayyaci manyan ƙabilar Lawata 80 cin abinci a Labda, aka kashe 79 a wurin, ƙasar ta kama da wuta. Lokacin da Amru ɗan Asi (RA) ya ci Tarabulus wajen 643, Labda ta riga ta zama ɗan ƙaramin gari a cikin kangon babba.

Yashin da ya kashe ta shi ya adana ta. Oya tana nan ƙarƙashin Tarabulus, an gina gida kan gida har ba abin da ya rage a fili sai ƙofar Markus Aureliyus. Labda kuwa ba wanda ya gina sabon birni a kanta. Akwai wani ƙaramin gidan wanka a yammacin kangon, kusa da teku, da aka tono da tulluwarsa ta kankare lafiya lau, da zanen farautar damisa a bango. Italiyawa suka yi yawancin tonon daga shekarun 1920, kuma gaskiya ita ce ginshiƙai da yawa da ka gani a tsaye a kwance suka same su, su suka tayar. Mussolini, shugaban Italiya na lokacin, yana so ya nuna wa duniya cewa gadon kakanninsa ya dawo karɓa, ga kuwa sunan Annobal ɗan Himilko a saman ƙofa. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1982.

Abin da ya tsere wa yashi bai tsere wa mutane ba. A ƙarshen ƙarni na 17 jakadan Faransa a Tarabulus, Claude Lemaire, ya yi ta lodin ginshiƙai zuwa ƙasarsu, wasu suka shiga fadar Versailles da wani coci a Paris. A 1816 Yusuf Pasha Karamanli ya ba Ingila kyautar wasu ta hannun jakadanta Warrington, suna nan tsaye a bakin wani tafki kusa da fadar Windsor, an jera su kamar kango don masu shan iska. Warrington ɗin nan shi ne ya shirya wa matafiyin nan na Birtaniya, Clapperton, da abokansa tafiyar da ta fito daga Tarabulus a 1822, ta bi ta Barno, ta kai shi Kano da fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824.

Idan Allah ya sa ka koma wata Juma'ar, bi ta bayan tsohon dandali ka gangara bakin ruwa ta yamma. Za ka tarar da ginshiƙai 3 na koren mabul kwance a yashi, daga gidan wankan Hadrian aka jawo su. Lemaire ya kawo su har nan, suka fi ƙarfin jirginsa. Tafi da tef ɗinka ka auna ɗaya.